Sammako ko Jiran Ayari: Auna Damar Samun Gurbi a Manyan Jami'o'in Amurka

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana wata al'ada ta ɗaukar ɗalibai wadda ta kafu a manyan jami'o'in Amurka, watau waɗanda masu neman shigarsu suka fi gurabensu yawa ninki goma ko fiye. Al'adar kuwa ita ce buɗe ƙofar nema sau biyu cikin shekara guda. Akwai zagaye na farko, wanda za mu kira zagayen sammako, sa'an nan akwai na biyu, wanda za mu kira zagayen gama-gari. Kusan kowace shekara alƙaluman jami'o'in suna nuna cewa kason da ake ɗauka daga masu sammako ya ninka na sauran masu nema sau biyu, ko uku, ko ma fiye. Saboda haka magana ta bazu tsakanin iyaye da malamai cewa yaron da ya miƙa takardunsa da wuri ya ninka damarsa sau uku. Abin da za mu bincika shi ne, nawa ne daga cikin wannan rata yake na gaskiya, nawa ne kuma ruɗin lissafi, kuma mene ne ɗalibi yake biya kafin ya sami ɓangaren da yake na gaskiya.

Batun na Amurka ne, kuma a can za mu bar shi. Amma bai rasa shafarmu ba, domin a shekarar karatu ta 2023/2024 'yan Nijeriya kimanin 20,000 ne suke karatu a jami'o'in Amurka, kuma malaman ba da shawara da kwalejojinmu suke horarwa sukan gamu da wannan tambaya daga bakin iyaye.

2.0 Yadda tsarin yake

A zagayen gama-gari, ɗalibi yakan miƙa takardunsa a farkon watan Janairu, a ba shi amsa wajen ƙarshen Maris, sa'an nan yana da lokaci har 1 ga Mayu ya zaɓi inda zai tafi. Yana iya neman jami'o'i da yawa lokaci ɗaya, galibi ta hanyar takardar nema ta bai-ɗaya mai suna Common Application, wadda aka fara a 1975, yanzu kuma jami'o'i fiye da 1,000 suke karɓarta.

A zagayen sammako kuwa, ranar rufewa ita ce 1 ga Nuwamba a yawancin wurare, amsa ta fito a tsakiyar Disamba. Sai dai sammakon ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin rarrabe irinsa shi ne tushen yawancin kurakuran da ake yi. Iri na farko shi ne sammako mai alkawari. A nan ɗalibi da mahaifinsa da malamin ba da shawara na makarantarsa, dukansu uku, sukan sa hannu a kan cewa in an ɗauke shi zai zo, kuma zai janye duk takardun da ya aika wa wasu jami'o'i. Jami'a ɗaya rak ake nema ta wannan hanya. Brown da Columbia da Cornell da Dartmouth da Pennsylvania da Duke da Northwestern duk wannan suke bi. Iri na biyu shi ne sammako marar alkawari, inda ake ba ɗalibi amsa da wuri amma a bar shi da 'yancinsa har Mayu, kamar yadda MIT take yi. Na uku yana tsakanin biyun: babu alkawarin zuwa, amma akwai togaciya, watau an hana ɗalibi yin sammako a wata jami'a mai zaman kanta. Harvard da Yale da Princeton da Stanford ke nan. Wasu jami'o'i, irin su Chicago da Vanderbilt da Johns Hopkins, sun ƙara da sammako mai alkawari karo na biyu a watan Janairu, domin tarbar waɗanda aka ƙi a wani wuri cikin Disamba.

Amsar Disamba iri uku ce. Ko a ɗauki ɗalibi, ko a ƙi shi, ko kuwa a jinkirta hukunci a mayar da takardunsa cikin na gama-gari. A riƙe wannan na ukun, za mu koma kansa.

3.0 Abin da alƙaluma suka nuna, da abin da suka ɓoye

Bari mu ɗauki shekara guda, watau waɗanda suka nema a ƙarshen 2023 don shiga a 2024. A Harvard mutum 7,921 suka yi sammako, aka ɗauki 692, watau kashi 8.7 cikin ɗari. Jimlar masu nema a zagayen biyu ita ce 54,008, jimlar waɗanda aka ɗauka 1,937, watau kashi 3.6. A Brown, inda ake yin alkawari, an ɗauki 898 daga cikin 6,244 da suka yi sammako, kashi 14.4 ke nan, alhali kuwa kason shekarar duka bai wuce 5.2 ba. A MIT an ɗauki 661 daga cikin 12,563, kimanin kashi 5.3, kason shekarar duka kuma kimanin 4.5.

Duk wanda ya kalli waɗannan alƙaluma zai ga ratar ba ɗaya ba ce. Tana da faɗi ƙwarai a Brown, tana da faɗi a Harvard, a MIT kuwa ƙanƙanuwa ce. In da saurin miƙa takardu ne kawai yake haifar da ita, da ba ta bambanta haka ba. Lalle akwai wasu dalilai.

Dalili na farko, kuma wanda aka fi mantawa da shi, shi ne cewa mutanen da suke cikin zagayen biyu ba iri ɗaya ba ne. Hausawa sun ce in ka yi sammako, wani a tafe ya kwana, kuma maganar ta dace da wannan wuri sarai. Cikin masu sammako akwai waɗanda kusan an gama maganarsu tun kafin su cika takarda. Na gaba-gaba su ne 'yan wasa. Harvard kaɗai tana da ƙungiyoyin wasanni 42, kuma masu horarwa sukan zaɓi 'yan wasansu tun bazara, su umarce su da su nema a zagayen sammako. Bayan su akwai 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, da 'ya'yan malaman jami'ar, da waɗanda iyayensu suke ba jami'a gudummawa mai tsoka. Mun san girman fifikon da ake ba waɗannan rukunoni ne saboda shari'ar da ƙungiyar Students for Fair Admissions ta yi da Harvard, wadda aka saurara a Boston a 2018, Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci a kanta a watan Yuni na 2023. Shari'ar ta tilasta wa jami'ar fito da bayanan masu nema na shekara shida. Bayanan suka nuna ana ɗaukar kimanin kashi 86 cikin ɗari na 'yan wasan da masu horarwa suka zaɓa, da kimanin kashi 33 na 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, alhali sauran jama'a ba su wuce kashi 6 ba. MIT kuwa ba ta ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibai fifiko, kuma wannan yana daga cikin abin da ya sa ratarta ta ƙanƙance.

Domin a ga tasirin wannan a fili, bari mu ƙaddara wata jami'a, da alƙaluman da muka ƙirƙira don misali kawai. A ce mutum 5,000 suka yi sammako aka ɗauki 800, kashi 16 ke nan. A ce cikinsu akwai 'yan wasa 200 aka ɗauki 170, da 'ya'yan gida 500 aka ɗauki 170. In aka cire waɗannan, saura masu nema 4,300 da gurabe 460, watau ƙasa da kashi 11. Yaron da ba ɗan wasa ba, ba kuma ɗan kowa ba, wannan kashi 11 ne nasa. Har ila yau ko su 4,300 ɗin ba su yi daidai da jama'ar Janairu ba. Yaron da ya gama jarrabawarsa, ya rubuta maƙalarsa, ya karɓi takardun shaida daga malamansa tun watan Oktoba, galibi daga makaranta mai gata ya fito, inda akwai malamin da aikinsa ke nan. Irin wannan yaro ko a Janairu ya nema zai fi matsakaicin mai nema dama. Su kuwa masu Janairu, cikinsu akwai dubbai da suka jefa takarda don gwada sa'a, tun da takardar bai-ɗaya ta sa ƙara sunan jami'a ɗaya bai da wuya.

Dalili na biyu na lissafi ne zalla. Mun ce akwai waɗanda ake jinkirta hukuncinsu. A Harvard a shekarar da muka ambata, fiye da kashi 80 cikin ɗari na masu sammako haka aka yi musu. Mutum 1,245 aka ɗauka a watan Maris. In aka raba wannan da sababbin masu nema 46,087 sai a sami kashi 2.7. Amma gurabe 1,245 ɗin ba sababbi kaɗai suka yi takara a kansu ba, har da mutum fiye da 6,000 da aka mayar daga Disamba, don haka kason ya faɗi ƙasa da biyu da rabi. Wata jami'a takan buga lissafi na farko, wata na biyu, wata ta ƙi buga ko ɗaya. Mai kwatanta alƙaluman jami'o'i biyu ya fara tabbatar da cewa da mudu ɗaya aka auna.

4.0 Ɓangaren da yake na gaskiya

Kada abin da ya gabata ya sa a zaci ratar duka ruɗi ce. Binciken da ya fi kowane shahara a kan wannan batu shi ne na Christopher Avery da Andrew Fairbanks da Richard Zeckhauser, wanda suka buga a 2003 cikin littafinsu The Early Admissions Game. Sun sami bayanan takardun nema fiye da 500,000 daga manyan jami'o'i 14, suka kwatanta ɗalibai masu maki iri ɗaya da matsayi iri ɗaya, waɗanda bambancinsu kawai lokacin nema. Suka gano cewa sammako yana da fa'ida wadda ta yi daidai da ƙarin maki wajen 100 a jarrabawar SAT, wadda cikakken makinta 1,600 ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ko da yake bayanan na shekarun 1990 ne, kuma abubuwa da yawa sun sake tun daga lokacin, dalilin da ya haifar da fa'idar yana nan.

Dalilin kuwa shi ne, jami'a ma tana cikin fargaba irin ta ɗalibi. In ta aika wa mutum takardar ɗauka a Maris, ba ta san ko zai zo ba, domin watakila wasu jami'o'i huɗu sun ɗauke shi. Jami'ar da rabin waɗanda ta ɗauka ne suke zuwa, dole ta ɗauki mutum biyu kafin ta cike kujera ɗaya, kuma in lissafinta ya kuskure ko ɗakunan kwana su yi kaɗan ko kuɗin shiga su gaza. Mai alkawari kuwa mutum ɗaya ne kujera ɗaya. Bugu da ƙari, duk kujerar da aka cike a Disamba tana rage yawan takardun ɗauka da za a aika, kason ɗauka na shekarar ya yi ƙasa, jami'a ta ƙara kwarjini a idon jama'a. Mujallar U.S. News & World Report, wadda take jera jami'o'i bisa daraja, ta daɗe tana sa waɗannan alƙaluma cikin ma'auninta. Ta cire kason masu amsa tayi a 2003, ta cire kason ɗauka a 2018, amma al'adar ta riga ta yi jijiya. Ɗalibai 898 da Brown ta ɗauka a Disamban 2023 sun kai rabin ajin shekarar, wanda yake wajen 1,700. Watau mutum fiye da 40,000 da suka zo a Janairu rabin gurabe kawai suka tarar.

Daga nan za a fahimci abin da ya sa fa'idar ta fi ƙarfi inda akwai alkawari. Ciniki ne: ɗalibi ya ba jami'a tabbaci, ita kuma ta sassauta masa kaɗan. Harvard, wadda fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda ta ɗauka suke zuwa, ba ta da buƙatar sayen tabbaci a wurin kowa, kuma ita da MIT sukan faɗa a fili cewa ma'auninsu ɗaya ne a zagayen biyu. Mu a namu ganin, ko da an karɓi wannan magana, mai sammako yana da ɗan abin da ya fi ɗan'uwansa da shi, tun da ana duba takardunsa lokacin da gurabe suke buɗe duka, kuma in an jinkirta shi za a sake dubawa karo na biyu. Amma wannan bai kai ninki uku ba, ko kusa.

Wanda ya san tsarinmu na nan gida ba zai yi mamakin wannan ciniki ba. Tun da aka kafa hukumar JAMB a 1978 ɗalibi yake jera zaɓinsa, kuma jami'o'in da ake rububinsu ba safai suke waiwayar wanda bai sa su zaɓin farko ba.

5.0 Abin da ake biya

Kuɗi shi ne babban farashi. A 2024 jimlar kuɗin karatu da kwana da abinci a yawancin waɗannan jami'o'i ta haura dala 80,000 a shekara. Iyalai kaɗan ne suke biyan wannan duka, sauran tallafi suke dogara da shi, kuma tallafin kowace jami'a da irin lissafinta. Ɗalibin da jami'o'i uku suka ɗauka a Maris yana iya shimfiɗa takardun tallafi uku a gabansa ya kwatanta, har ma ya nuna wa ɗaya tayin ɗaya ya roƙi ƙari. Wanda ya yi alkawari tayi ɗaya zai gani. Gaskiya ne takardar alkawarin ta yarda ya janye in tallafin bai ishe shi ba. To amma yaya zai san ko abin da aka ba shi mai kyau ne, alhali ba shi da na kwatantawa? In kuma ya janye, ya rasa gurbin gaba ɗaya, ya koma layin Janairu da 'yan makonni kaɗan a hannunsa. Ɗan mai hali ba ya wannan tunani ko kaɗan, sa hannu kawai zai yi.

Su kansu jami'o'in sun san da haka. A 2002 Yale da Stanford suka ba da sanarwar barin tsarin alkawari. A watan Satumba na 2006 Harvard, ƙarƙashin Derek Bok, ta soke sammako ɗungurungum, bisa hujjar cewa yana ƙara wa masu gata gata, Princeton da Jami'ar Virginia suka bi sahunta. Sun yi fatan sauran za su biyo baya. Kusan ba wanda ya biyo, sai ma abokan takara suka riƙa kwashe ɗaliban da suke son amsa da wuri, don haka a 2011 Harvard da Princeton suka dawo da sammako mai togaciya. Gardamar ba ta mutu ba. A watan Agusta na 2025 wasu ɗalibai suka kai ƙarar jami'o'i 32 gaban kotun tarayya a jihar Massachusetts, suna zargin cewa tsarin alkawari yana hana gasa, yana kuma tsawwala kuɗin karatu.

Farashi na biyu shi ne lokaci. Mai sammako da sakamakon da yake hannunsa a Oktoba za a auna shi. In yaro ne wanda makinsa yake hawa, ko wanda yake shirin sake zama jarrabawar SAT a Disamba, to wata biyun nan suna iya fi masa fa'idar sammako amfani. Wannan ya ƙara muhimmanci tun da MIT a 2022, sa'an nan Dartmouth da Yale da Brown da Harvard a 2024, suka dawo da wajabcin jarrabawa wanda aka ɗage lokacin annobar korona. Kuma inda aka ƙi mutum a Disamba, ba a sake duba shi a wannan shekara. Fa'idar maki 100 tana ɗaga wanda yake bakin iyaka ta tsallakar da shi, amma ba ta kai wanda yake nesa ko'ina ba. Ɗalibin da ya kashe damarsa guda ta alkawari a kan jami'ar da ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, ya hana kansa amfani da ita a wata wadda da ta karɓe shi.

6.0 Matsayin ɗalibin da yake nema daga waje

Duk abin da muka faɗa a kan kuɗi ya fi tsanani ga baƙo. Yawancin jami'o'in Amurka sukan duba ko ɗalibin waje zai iya biya kafin su yanke hukunci, kuma neman tallafi mai yawa yana rage masa dama a kowane zagaye. Kaɗan ne suka yi alkawarin rufe ido daga halin aljihun baƙo, su kuma biya masa duk buƙatarsa in sun ɗauke shi, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst da Dartmouth. Abin lura a nan shi ne, huɗu na farkon ba su da tsarin alkawari, don haka yaro marar hali da ya yi sammako a ɗayansu bai ɗaure kansa da komai ba, abin da ya rasa kawai, in ban da a MIT, shi ne damar yin sammako a wata jami'a mai zaman kanta cikin Nuwamba. A inda ake duba aljihu kuwa, alƙaluman sammako da jami'a take bugawa ba su gaya masa komai game da kansa ba, domin an cuɗanya shi da 'yan ƙasa da masu biyan kuɗi cif.

Dokar Amurka ta wajabta wa kowace jami'a mai cin gajiyar tallafin ɗalibai na gwamnatin tarayya tun 2011 ta sa ma'aunin ƙiyasta kuɗi a shafinta na intanet, amma yawancinsu an gina su ne bisa takardun haraji na 'yan ƙasa. Ga iyalin da suke samun kuɗinsu da naira akwai ƙarin hatsari, domin alkawarin da aka sa wa hannu a Nuwamba da dala za a cika shi shekara huɗu, kuma kowa ya ga yadda darajar naira ta faɗi a 2023 da 2024. Haka nan takardar ɗauka ba biza ba ce, kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta tsananta dokokin biza ga ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya.

Malamin da aka tambaya shawara yana da wurin da zai duba alƙaluma na ainihi. Yawancin jami'o'in suna buga wani kundi na shekara-shekara mai suna Common Data Set, kuma sashensa na C21 yana nuna yawan waɗanda suka nema da alkawari da yawan waɗanda aka ɗauka. In aka gwada wannan adadi da girman ajin da yake sashe na C1, za a ga gurabe nawa ne suka rage wa masu Janairu. Sai kuma a duba kalandar yaron kansa. Wanda yake ajin ƙarshe na sakandare a nan ba zai zauna jarrabawar WAEC ba sai Mayu da Yuni, don haka ko a Nuwamba ya nema ko a Janairu, sakamakon makaranta da shaidar malamai ne kawai a hannunsa, kuma zango ɗaya na ƙarin sakamako yana iya yi masa amfani. Wanda ya riga ya gama, sakamakonsa ya fito tun Agusta, ba wani sabon abu da zai shiga takardunsa tsakanin Nuwamba da Janairu, sai fa in yana da jarrabawar SAT a gabansa.